Bahon Katako a Zamalek

Na tashi a Damagaram, inda bokiti ɗaya kan ishi mutum wanka har ya rage na alwala, don haka ban taɓa zaton zan san wani abu game da wankan mutanen Japan ba. Amma a farkon shekarun tamanin, ina karatun addini a Alƙahira, na shafe lokacin sanyi guda tsakanin wasu tsofaffi biyu da ke haɗa bahon wanka na katako, ni ne bakinsu, wato tafintansu.

A lokacin ina zaune a Madinat Nasr, a gidan haya da muka haɗa da wasu ɗalibai 'yan Nijar da 'yan Najeriya. Ina da Faransancin da na samo a makarantar boko, shi ya sa wani abokina ya haɗa ni da wata mata 'yar Japan da ke unguwar Zamalek. Mijinta ma'aikacin jakadanci ne, ita kuwa tana son ta koyi Larabcin kasuwa don ta riƙa yin cefane da kanta. Ta iya Faransanci, da shi muke fahimtar juna. Tana ce mini Ustaz, ina ce mata Madam. Nakan hau bas zuwa Wustul Balad, wato tsakiyar gari, in tsallaka gada a ƙafa, mu zauna a falonta ina koya mata sunan albasa da tumatir da yadda ake ce wa mai taksi ya tsaya.

Da ta haihu, mahaifinta ya zo daga Japan ganin jika. Gajeren tsoho ne mai furfura, hannuwansa sun fi ƙarfin jikinsa. Duk ranar da na je sai in tarar da shi a baranda ya zuba wa kogin Nilu ido. Yakan tashi ya rusuna mini, ni ma in rusuna, in ce, "Sannu, Baba." Ba ya jin Hausa, amma ya gane da shi nake, har ya fara amsawa da kai.

Wata rana na tambayi Madam ko ba shi da lafiya ne, don na ga kamar ya rame.

Ta yi dariya ta ce, "Lafiyarsa ƙalau, Ustaz. Wanka ne ke damunsa."

Ta kai ni banɗakin gidan ta nuna mini farin bahon nan na Turawa, dogo marar zurfi. Ta ce a wurinsu mutum yakan cuɗe jikinsa tas da sabulu a waje, ya ɗauraye, sannan ya shiga baho mai zurfi ya zauna cikin ruwan zafi har wuya. Ba don cire datti ake shiga ba, don hutawa ne. Mahaifinta kuwa sana'arsa ke nan, yin irin wannan baho da katako, a wani ƙauye cikin duwatsu. Tun yana yaro bai taɓa kwana ba tare da ya zauna a ciki ba. Ya gwada na Turawan, ya ce in ya nutsar da kafaɗa gwiwa ta fito, in ya nutsar da gwiwa kafaɗa ta fito.

"Ya ce zai yi nasa," in ji ta. "Ya zo da zartonsa da ƙarfen shafe katako a naɗe cikin zane, ba ya tafiya ba su. Wurin aiki ne babu. Ka san wani kafinta?"

Na san wanda ya fi kafinta dacewa. A tsohon gari, kusa da masallacin da muke ɗaukar karatu, akwai shagon da muke sayen turshi, wato kayan lambun da Misirawa ke jiƙawa a ruwan gishiri su yi tsami. A jikin shagon akwai wani tsoho mai yin gangunan katako da ake jiƙa turshin a ciki. Kowa Usta yake ce masa, kamar yadda suke kiran duk wanda ya ƙware a sana'a. Ƙato ne mai babbar murya, kullum da jallabiya mai ƙurar katako. Mun saba gaisawa, yana ce mini ya Shehi saboda rawanin makaranta.

Na kai su a taksi. Da na gama bayani, Usta ya dube ni, ya dubi Baba, ya ce, "Ya Shehi, ka ce mutum za a sa a ciki? Mai rai?"

Na ce mai rai.

"To da gishiri ko ba gishiri?"

Na fassara wa Madam, ta fassara wa mahaifinta. Tsohon ya fashe da dariya har yana dafa gwiwa. Ban taɓa jin muryarsa da ƙarfi haka ba. Daga nan ya nufi wata ganga da ba a gama ba, ya bi mahaɗar katakon da yatsa daga sama har ƙasa, ya juyo ya rusuna wa Usta sosai. Usta ya rasa yadda zai yi, sai ya ƙwala wa mai shayi kira.

Neman katako muka fara. Itacen da Baba ke amfani da shi a gida mai ƙamshi ne, babu shi a Masar, ƙasar ma ba ta da daji. Sai muka je wurin masu sayar da katakon da jiragen ruwa ke kawowa daga ƙasashen sanyi. Baba ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya shinshina, ya ƙwanƙwasa ya kara kunne, ya ƙi duk mai ƙulli. Mai katakon ya gaji ya ce mini, "Khalas mana, ya isa haka, wannan amarya yake zaɓe?" Usta ya ce masa ya ƙyale mutum ya yi aikinsa, shi ma da zai samu masu saye masu haƙuri haka zai yi.

Gardama ta farko a kan siffa aka yi. Usta ya saba da ganga mai tumbi, wadda ake gasa katakonta a wuta a lanƙwasa. Baba ya ce a'a, miƙaƙƙe yake so, kuma ba zagaye ba, mai ɗan tsawo kamar ƙwai, yadda mutum zai jingina baya ya ɗan miƙe ƙafa. Ya sa 'yarsa ta zauna a ƙasa ta naɗe gwiwa, ya gwada da zare daga ƙasa zuwa kafaɗarta, ya ƙara faɗin tafin hannu. Ya zana shi da alli a daɓen shagon, ya goge da ƙafa, ya sake zanawa, har ya yi masa. Gardama ta biyu a kan ɗamarar da za ta riƙe katakon ce. Usta baƙin ƙarfe yake sa wa gangunansa, Baba ya ce zai yi tsatsa ya ɓata katako. A gida da gora yake saƙawa ko jan ƙarfe. Muka je layin maƙeran tagulla suka buga mana.

A ta uku Usta ne ya yi nasara. Ya ce, "Gaya masa nan ba garinsu ba ne. In zafi ya zo, katako tsukewa yake yi, ɗamara ta saki, baho ya wargaje. Ya bar gindin ya ɗan fi bakin faɗi, ko bakin ya fi gindin, yadda in ta saki za a buga ta da guduma ta sake kamawa." Baba ya daɗe yana tambaya game da zafin Masar, wata nawa yake yi, ana ruwan sama ko ba a yi. Da ya ji amsa ya girgiza kai, ya ɗauki alli ya gyara zanen.

Saboda jaririya, Madam ba kullum take zuwa ba. Ranar da ba ta nan, fassarata ba ta da amfani, sai in zauna a kan wata ganga da littafina ina kallonsu. Baba yana zama a ƙasa ya riƙe katako da yatsun ƙafa. Zartonsa da ja yake yanka, ƙarfen shafe katakon ma jawo shi yake yi zuwa jikinsa, alhali na Usta duk turawa ake yi. Usta ya karɓa ya gwada, ya tura, abin ya ƙi. Baba ya kama hannunsa ya jawo, sai ga ɓawon katako ya fito siriri kamar takardar sigari, ana hango haske ta cikinsa. Usta ya ɗaga shi yana nuna wa masu wucewa yana cewa, "Ku zo ku ga ikon Allah." Babu ƙusa ko ɗaya a aikin. Katako ne ake shafewa har gefe ya zauna a gefe.

Ranar da Madam ta zo kuwa, hira ake yi a bakin shayi, magana ta bi ta bakinta ta bi ta nawa kafin ta isa. A nan na ji yadda shekarar Baba take tafiya. Ƙarshen kaka ake sare itace, lokacin da ruwan jikinsa ya sauka. Da sanyi dusar ƙanƙara kan rufe hanyar ƙauyen, sai ya zauna a ɗaki yana wasa kayan aiki yana zanen bahunan da aka ba shi, shi ya sa ma ya samu sararin zuwa Masar. In ƙanƙara ta narke ya tsaga katako ya jera a inuwa, kuma wanda aka sare bana ba zai taɓa shi ba sai bayan shekaru. Da damina ba ya haɗa baho, don katako ya sha laima, in ya bushe zai yi yoyo. Usta ya ce shi shekararsa ciki ne ke juya ta. Kafin bikin bazara masu kifin gishiri ne ke damunsa, da kaka masu zaitun da lemun tsami, in azumi ya matso kowa na son turshi. Da tsakiyar zafi kuwa yakan rufe shago ya tafi ƙauyensu ya kwanta ƙarƙashin bishiya. Baba ya ce ya fi shi dabara.

Da aka gama, aka cika shi da ruwa a ƙofar shagon. Ya yi ta ɗiga ta ko'ina, raina ya ɓaci. Su biyun ko a jikinsu, suka ci gaba da shan shayi. Usta ya ce, "Ma'alish, ba komai, ya Shehi, bar shi ya sha ya ƙoshi." Washegari na dawo na tarar katakon ya kumbura, ko ɗigo babu.

Kai shi Zamalek wani aiki ne. A keken jaki aka ɗora shi, Baba ya ƙi shiga taksi, ya zauna kusa da mai jakin yana riƙe da bakin bahon. Da muka isa, bahon ya ƙi shiga lif, ya ƙi juyawa a matakala. Mai gadin gidan ya nemo igiya, aka ja shi ta baranda yadda ake hawar da kabad a Alƙahira, ana ta "yalla, yalla", matan Turawa na leƙowa ta tagogi.

Bayan 'yan kwanaki Madam ta ce mahaifinta ya ce lallai in shiga, an dafa ruwa sabo domina. Na ce zan yi tunani. Abin ya yi mini nauyi, ruwan da zai ishi gidanmu na Damagaram yini guda a ce mutum ɗaya zai zauna a ciki. Na kai maganar gida, abokan zamana suka mayar da ita darasin fiƙihu. Wani ɗan Kano ya ce almubazzaranci ne ƙarara. Wani ɗan Maraɗi ya ce a bakin Nilu muke, kuma ai magani ne. Da na koma, Madam ta ce duk gidan ruwa ɗaya suke shiga bi da bi tunda kowa ya riga ya yi wanka, in an gama a yi wanki da shi, saura a ba shuke-shuken baranda. Sai na yarda.

Na cuɗa jikina a kan 'yar kujerar da Baba ya yi da ragowar katako, na ɗauraye, na sa ƙafa. Na kusa fitowa da gudu don zafi. Na daure na zauna a hankali har ruwa ya kai mini haɓa. Katakon ba sanyi gare shi kamar baho na Turawa ba, laushi gare shi a baya, ga ƙamshinsa yana tashi da tururi. Tunda na zo Masar sanyinta ke cikin ƙashina, don gidajensu ba a gina su don sanyi ba, kuma bargona ɗaya. Ranar na ji ya fita. Ban san na daɗe ba sai da Baba ya ƙwanƙwasa ƙofa yana cewa, "Tamam? Tamam?" Ita ce kalmar Larabci da ya koya wurin Usta, wato lafiya ƙalau. Na ce tamam. A bas ɗin komawa barci na yi har aka wuce da ni tasharmu.

Baba ya koma gida da sanyi ya fara sauƙi, ya ce katakonsa na jiransa. Ya bar wa Usta ƙarfen shafe katakon, Usta ya ba shi gizagonsa da tulun zaitun. Sun rungume juna a ƙofar shago, abin da Madam ta ce ba ta taɓa ganin mahaifinta ya yi da kowa ba. Da zafi ya zo ɗamarar ta saki kamar yadda aka faɗa, Usta ya je Zamalek da gudumarsa ya buga ta, ya ce a riƙa barin ruwa a gindin a rufe da jiƙaƙƙen buhu.

Da aka yi wa mijin Madam canjin wurin aiki, ta rasa yadda za ta yi da bahon, sai ta ce a kai wa Usta. Ya hawar da shi saman rufin gidansa, kusa da akurkin tantabaru. Ya gaya mini da sanyi yakan shiga ranar Juma'a kafin masallaci, matarsa na faɗan yana ƙarar mata da gas wajen dafa ruwa. Zuwana na ƙarshe, da na je yi masa sallama zan koma gida, tsakiyar zafi ne, ya kai ni saman muka zauna a inuwa. An cika bahon da ruwan sanyi, jikokinsa na ciki suna ta ihu suna watsa wa tantabaru ruwa. Ya yanka mana kankana, muka sha har aka kira la'asar.