Ango da Katin Yara

Ina da shekara sha tara aka ɗaura mana aure, shi kuma maigidana yana da ashirin. A gidan iyayensa na tare, a unguwar Al-Azizya ta Madina, aka ba mu ɗakuna biyu na sama. Farkon shekarun dubu biyu ne. Kakanninmu duka aikin hajji ya kawo su daga ƙasar Hausa suka zauna, mu kuwa a Madina aka haife mu. Maigidana da Larabci yake amsa wa kowa, sai in yana neman wani abu wajen mahaifinsa, to a nan Hausa take dawo masa tas.

Yana aiki a wani ofishin shirya tafiye-tafiye. Mai ofishin, wani dattijo ɗan Sudan, ya ba shi kyautar aure da ba mu taɓa jin irinta ba a danginmu: tafiyar shaƙatawa ta mutum biyu a babban jirgin ruwa, irin wanda yake tashi daga Masar ya zagaya biranen bakin teku ya dawo. Ni lokacin ban taɓa ganin teku ba sai sau ɗaya a Yanbu, ta tagar mota.

Surukina, da muke ce wa Baba, dabino yake sarowa daga Khaibar. Bayan la'asar ana shan shayi a falo ɗansa ya kawo masa maganar. Baba ya ajiye kofi ya ce a'a. Wani abokin cinikinsa da ya yi aikin jirgi ya faɗa masa cewa a irin waɗannan jiragen giya ake jerawa a tebur kamar ruwan sha. Umma, surukata, tana so mu tafi, na gani a fuskarta, amma shayi kawai ta ƙara wa mijinta. Ni ina gefe, kaina a ƙasa.

"Baba, ko mun nema ba za su ba mu ba," in ji maigidana. "Mamnu' ne, an hana, dokar jirgin ce. Duk wanda bai kai ashirin da ɗaya ba, ba a sayar masa, ba a zuba masa. Har alama suke yi a katinsa."

"Wane kati?"

"Wanda ake buɗe ɗaki da shi. Da shi ake karɓar komai a ciki."

Baba ya shafa gemu. "Wato su ma sun san ba abin kirki ba ce. To manyan fa, wa yake tsare su?"

"Babu kowa."

"Allah sarki." Ya dube shi sama da ƙasa. "Kai shekararka nawa?"

Baba ya fi kowa sani, shi ya yanka ragon sunan.

"Ashirin."

"Ke nan a wajensu kai yaro ne."

Tun kafin biki maigidana yake fama da gashin bakinsa don ya yi kauri, ya kuma hana ƙannensa shigo mana ɗaki ba sallama. Duk da haka ya amsa.

"Eh, Baba. Yaro ne."

"To, yaro yana iya zuwa."

Ranar shiga jirgi, matar da take karɓar baƙi ta nemi takardar aurenmu, don masu shekarunmu ba a ba su ɗaki su kaɗai sai in ma'aurata ne. Ta duba, ta yi mana murna, sannan ta ɗauki katinmu ta huda kusurwar kowanne. Ni abin bai dame ni ba, hankalina yana kan girman jirgin, da yadda ƙasa take ɗan motsi ƙarƙashin ƙafata. Shi kuwa ya daɗe yana kallon hujin.

A wajen cin abinci an haɗa mu tebur ɗaya da wasu tsofaffi, miji da mata, 'yan Italiya. Ba ma jin yarensu, ba sa jin namu, sai murmushi da nuni da hannu. Mai kawo abinci ya zo, ya dubi katinmu, ya kwashe dogayen kofunan gilashi na giya da ke gabanmu, ya bar mana na ruwa. Haka ya riƙa yi kullum, cikin ladabi.

Wata safiya muna tsaye a saman jirgi muna kallon ruwa, na tambaye shi abin da yake ɓata masa rai.

"Ni ba so nake ba," ya ce. "Wallahi ko warinta ba na so. Amma a bar ni in ce a'a da bakina."

Ashe tun a Madina ya shirya abin da zai faɗa da Turanci in an miƙo masa, cewa shi Musulmi ne daga birnin Manzo, ya gode, ba ya sha. Ya maimaita mini har da yadda zai ɗora hannu a ƙirji. Na ce masa ya yi kyau. Da gaske kuma ya yi kyau.

Ana gobe za mu sauka, tsofaffin nan suka zo tebur cikin kwalliya. Da nuni muka gane ranar aurensu ce ta zagayo. Aka kawo musu kwalbar giya, tsohon ya zuba wa matarsa, ya zuba wa kansa. Daɗi ya ɗebe shi, ya jawo wani kofi da ba komai a ciki, ya tura gaban maigidana, ya karkato kwalbar.

Maigidana ya gyara zama. Ya ɗora hannu a ƙirji, ya buɗe baki.

Kafin ya furta ko kalma ɗaya, tsohuwar ta kai wa hannun mijinta duka. Ta nuna katin da yake kan tebur, ta nuna hujin, ta rufe shi da faɗa kamar yadda Umma take yi wa Baba in ya ba jikoki alewa kafin abinci. Tsohon ya janye kwalbarsa yana ba da haƙuri. Ita kuma ta juyo ta dubi maigidana da tausayi, ta turo masa nata kek ɗin gabansa, ta yi masa alamar ya ci.

Hannunsa yana nan a ƙirji. Ya dubi kek, ya dube ni. Na cusa fuskata cikin mayafi, kafaɗuna suna rawa. Can na ji ƙarar cokali a faranti. Ya cinye shi tas, ya kuma yi mata godiya. Sai da muka fito hanyar ɗakinmu dariyar ta kama shi shi ma, har ya jingina da bango.

Da muka dawo Madina ya roƙe ni kada in faɗa wa kowa. Na yi ƙoƙari. Amma Umma ta tsare ni a kicin muna yanka albasa, ta ce in ba ta labari tun daga farko, kuma ni ban iya ɓoye mata abu ba. Kafin magariba labarin ya kai wajen Baba.

Bai yi dariya a gaban ɗansa ba. Ya tambaye shi yadda muka riƙa gane alƙibla alhali jirgi yana juyawa, ya saurari amsar da kyau. Daga nan ya ce, "Wannan tsohuwa mutuniyar kirki ce. Kun karɓi adireshinta?"

Mun karɓa. Washegari Baba ya zaɓi dabinon ajwa mai kyau da hannunsa, ya cika kwali, ya ce a aika mata, a rubuta cewa daga uban yaron ne. Maigidana ya ɗauka ya sa a mota yana gunaguni da Larabci, na raka shi gidan waya da ke hanyar Aƙiƙ. A can ya tsaya da biro a hannu ya yi ta tunani, sannan ya rubuta yadda Baba ya ce.