Ranar da na kife kwanon ƙanena

Shekarun baya, lokacin tawaye na biyu a arewacin ƙasarmu, ina zaune a Arlit tare da mahaifiyata da ƙannena biyu, mace da namiji. Ina aikin ofis a wani ƙaramin kamfani da ke kai kaya wuraren haƙar uraniyom, in na tashi kuma sai in duƙufa kan rubuta littafina na farko. Na ɗauki kaina babban marubuci, har da rataya biro biyu a aljihu.

Gidanmu muna da wata al'ada da mahaifiyata ta taho da ita daga Damagaram. Kowa da kwanonsa na ci. In mutum ya yi tafiya, ba a fasa zuba masa abinci, sai a rufe a ajiye, duk baƙon da ya fara sallama a miƙa masa. A cewarta, in ɗan wani ya ci a gidanka, naka ma zai samu mai ba shi a inda yake. Ni kuwa, mai ilimin lakwal, wato boko, ina kallon abin a matsayin ɓarnar shinkafa.

Ƙanena direban kamiyo ne, wato babbar motar kaya. A shekarun nan ba a bin hanyar Agadez sai a ayari, da rakiyar soja, saboda nakiyoyi da masu tare hanya. Wata rana ayarinsu ya iso, motarsa ba ta ciki. Wannan ya ce ya gan shi ya tsaya gyaran taya, wancan ya ce 'yan tawaye sun kwashe wasu direbobi sun yi cikin duwatsu da su. Wayarsa kuwa ba ta shiga.

Mahaifiyata ba ta yi kuka ba, ba ta daina zuwa kasuwa ba. Kullum da rana sai ta cika kwanonsa ta rufe. A lokacin garin cike yake da masu neman aiki a sabuwar mahaƙar Imouraren, don haka ba a rasa mai sallama. Abin ya riƙa ba ni haushi, har na ce a raina anya tsohuwar nan ta damu kuwa? Dama a littafina akwai wata uwa da ɗanta ya ɓace, na sa ta suma sau uku a shafi biyu. A ganina haka uwa take yi.

Rana ta tara, wani bakanike ɗan Maradi ya cinye abincin ya yi godiya ya tafi. Na ga kwanon a tsakar gida ƙudaje na bi, karambani ya sa na ɗauraye shi na kife a kan randa. An taɓa faɗa mini cewa a gidanmu ba a kife kwanon mutum sai ya mutu, amma maganar ta bi ta bayan kunnena. Lokacin da aka kife na mahaifinmu ina makaranta, ban gani ba.

Tana fitowa daga ɗaki ta gan shi, sai ta dafa bango. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba.

"Wa ya kawo labarin?" Ta tambaya a hankali.

Na ce wane labari, Inna?

"Kai nake tambaya. In an faɗa maka, faɗa mini, zan iya ɗauka."

Ƙanwata ce ta ruga ta birkice kwanon, tana rantse mata cewa shirmena ne kawai. Sai a sannan mahaifiyata ta zauna a ƙasa. Na ji kunyar da ban taɓa jin irinta ba. Ashe duk kwanakin nan kwanon ne ke riƙe da ita, ni kuma na zo da hannuna na yi mata ta'aziyya.

Ba ta zage ni ba. Ta dai daina yi mini magana in ban da amsa gaisuwa, har rana ta goma sha uku da ƙanena ya shigo a bayan kabu-kabu, ya rame ya yi baƙi. Motarsa ce ta mutu, ya ƙi barinta, wasu makiyaya suka riƙa ba shi madarar raƙumi da gero har aka zo aka ja shi. Mahaifiyata ta dube shi sama da ƙasa, ta ce ya wanke hannu.

Daga baya na yage shafukan suman nan. Na bar uwar littafina tana dafa abinci tana rufe kwano. Wani abokina da ya karanta ya ce nan ne kaɗai ya ajiye littafin ya share ido. Tun daga nan, kafin in ƙirƙiri mutum a labari, sai na fara sanin yadda ake yi a gidansu: wa ke fara sa hannu a abinci, me ake yi in wani ya yi tafiya. In ban san wannan ba, duk kukan da zan sa shi na ƙarya ne.

Mahaifiyata ta rasu shekaru kaɗan bayan haka. Ran sadakar uku ƙanwata ta miƙo mini kwanonta, tunda ni ne babba. Na kife shi da hannuna, wannan karon ina sane. Na rubuta abubuwa da yawa tun lokacin, amma wannan ranar har yau ban iya sa ta a littafi ba.