Man Kaɗen Inna Maser

Assalamu alaikum. Ina neman afuwarku tun da farko, domin kowa yana da abin da ya dame shi, ga ni kuma zan ɗora muku nawa. Na daɗe ban ce komai a shafin nan ba. Jinya ce ta riƙe ni.

Abin ya fara da ƙishirwa da yawan fitsari. Ni mutum ne mai tara ƙasidu. Duk wadda aka raba a kasuwa ko a bakin asibiti sai na kai ta gida na karance ta. Da su na yanke wa kaina hukunci cewa zafin bazara ne. Sai ƙaya ta soke ni a diddige a garkar albasata ta Jiratawa. Ciwon ya zama gyambo, ya soma wari.

A Maraɗi aka auna jinina. Likita ya ce, "Malam Isuhu, ciwon suga ne. In gyambon nan ya kai ƙashi, ƙafar za mu cire."

Tun daga ranar ban ƙara jin ɗanɗanon abinci ba.

Albasar bana duk ta tafi a awo da allurai. Ƙanwata da ke aure a Tsibiri ta ba da shawara a kai ni ƙaramin asibitin matan Katolika masu hidimar addini, waɗanda ba sa aure, da muke ce wa maser. Can aka kwantar da ni.

Mai wanke mini gyambo wata tsohuwa ce da ta ranƙwafa, kowa Inna Maser yake ce mata. Idan tana yanke ruɓaɓɓen nama, sai ta riƙa ba ni labari don kada in kalli almakashin.

"Mu biyu muka kafa ƙungiyar nan, ni da ƙawata, a ɗakin haya can kudu, tabarma guda. Ita ke da baki, ita ke zuwa gaban manya. Ni hannu gare ni. Ta rasu, ga hotonta can a bango. Ni kuwa ga ni da ƙafarka."

Sai zazzaɓi ya rufe ni. Wata safiya ta shigo da ɗan gwangwani, ta kama tafin hannuwana tana shafa musu mai, bakinta yana motsi. Daga nan ta shafa mini a goshi.

Na taɓa karantawa a wata ƙasida cewa Katolika suna shafa wa mai barin duniya mai a goshi da hannuwa. Wato sun san na gama, sun ɓoye mini. Ga tsoron mutuwa, ga tsoron in tafi da abin da ba na addinina ba a jikina.

Na kira matata Dije, na soma yi mata wasiyya, ina maimaita kalmar shahada.

"Malam, mi ya faru? Likita ya ce wani abu?"

"Ba ki ga man ba?"

Da gudu ta kirawo tsohuwar. Inna Maser ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta yi dariyar da sai da ta dafa gado.

"Ɗana, man kaɗe ne! Fatarka ta bushe kamar ta ganga. Wancan man limamin cocinmu kaɗai ke shafa shi, ga namu, in sun nema. Kuma ba na masu mutuwa kaɗai ba ne, na marasa lafiya ne."

"To, bakinki da ke motsi, Inna?"

"Goro nake tauna."

Na yi dariya, amma tsoron bai sake ni ba sai ranar da ta nuna mini jan nama ya tsiro a gyambon. Alhamdulillahi, ƙafata tana nan, da ita nake taka garka. Ina godiya ga Dije, da ƙanwata, da duk wanda ya yi mini addu'a.

Shawarata: wanda ƙishirwa ta yi masa yawa ya je a auna jininsa. Mai suga ya riƙa duba ƙafarsa kullum. Abin da kuka karanta a ƙasida kuma, ku tambayi mai shi kafin ku tsorata kanku.

Da na ji ƙarfi, na koma da gwangwanin man kaɗe don in gode mata. Ban same ta ba. Wata maser ta ce tsohuwar ta yanke jiki ta faɗi, an mayar da ita babban gidansu na kudu, kuma limaminsu ya riga ya shafa mata wancan man.

Inna Maser ce ta ce mini ba na masu mutuwa kaɗai ba ne. Wannan magana nake riƙe da ita, amma hankalina bai kwanta ba.

Saboda haka ina roƙon duk wanda ya san gidan ya amsa mini a rubuce, a ƙarƙashin wannan saƙo:

1. Shin Inna Maser tana da rai?

2. Idan tana nan, za a bar Musulmi kamata ya shiga ya gaishe ta, ya miƙa mata gwangwanin da hannunsa?