Ranar da Na Goge Wayar Ɗan Kwandiko

Shagona yana bakin babban titi a Birnin Kudu. Buga takardu nake yi da fotokofi, ina kuma gyara waya da kwamfuta in dai matsalar ba ta kai ga a fasa ciki ba. A ƙofar shagon akwai darbejiya da benci biyu, da an idar da la'asar sai su cika. Majalisarmu ba ta ƙwallo ba ce, ba kuma ta siyasa ba. Mu ciwonmu na'ura ne. Wace waya ce ta fito, wace ce ke shan caji kamar raƙumi, gaskiya ne kamfanoni na kashe tsohuwar waya da gangan in ka sabunta manhaja, shinkafa na busar da wayar da ta faɗa ruwa ko kuwa tatsuniya ce. Da labarin ƙirƙirarriyar basira ya iso, wata guda muka yi ba mu taɓa wani zance ba. Wani ya ce za ta rufe min shago, na ce ta zo ta cire takardar da ta maƙale a injin fotokofi tukuna.

Akwai wata ɗabi'a tamu da sai ka zauna da mu za ka gane. A bencin nan ba wanda ake ɗaukar maganarsa da gaske. In wani ya ce fari, dole a samu mai cewa baƙi, ko da a ransa ya yarda, don kada hira ta mutu. Wanda ya zazzage wa wata waya zagi yau, jibi ka gan ta a aljihunsa, ba kuma mai cewa uffan. Ni kaina na taɓa yin kwana uku ina kare wata manhaja da ban taɓa ko buɗewa ba. Musu ne abin shanmu. Kuma a faɗi gaskiya, duk bencin babu mai maƙogwarona. In na ɗau zafi har masu jiran mota a ɗaya gefen titi juyowa suke yi.

A cikinmu akwai malamin lissafi na wata sakandare, mutumin Kwandiko ta ƙasar Gwaram. Da sunan garinsu muke kiransa, ɗan Kwandiko, yana kuma amsawa. Dogo ne, maras hayaniya, magana a bakinsa sai ka ce ana tatsar saniya mai rowa. Ya fi mu duka sanin kwamfuta, shi ya koya min rabin abin da nake ci da shi, amma a musu kullum ni ke cin sa, don kafin ya haɗa jimla ɗaya na zuba biyar. Ra'ayi ɗaya ne ba ya sauyawa. Bai yarda mutum ya ajiye kayansa a intanet ba, abin nan da ake kira gajimare.

"Wa ka taɓa gani ya zuba geronsa a rumbun wanda bai san fuskarsa ba?" in ji shi.

Ni kuwa sai in ce, "Kai dai ƙauyanci ne bai sake ka ba. Yanzu ai babu abin da ke ɓata. Ka jefa wayarka a rijiya, ka sayi wata, komai ya dawo."

Ranar da ya sayi sabuwar waya ya kawo min in haɗa masa. Da hannuna na buɗe masa imel, na kunna ajiyar intanet ɗin, na ɗauki hoton silin shagona na nuna masa yadda ya haye nan take. Ya yi murmushi ya karɓi abarsa. Na ce a raina, ka gani, ashe duk na benci ne.

Cikin damina ya rasu. Ranar Alhamis yana nan da mu, ya ce cikinsa na murɗa masa, muka ce wake ne. Ranar Lahadi da safe aka bugo min daga Gwaram. Wallahi har na ajiye wayar ina jiran a sake bugowa a ce kuskure ne. Muka cika mota muka je jana'iza, muka dawo.

Bayan addu'ar bakwai yayansa ya zo shagon da wayar da laftof a cikin leda. Manomi ne, dattijo, ya zauna a bakin benci kamar wanda ya zo asibiti. Ya ce za a raba gado, kuma malamai sun ba da shawara a wanke na'urorin kafin su shiga hannun kowa. In akwai kiɗa ko fim ko wani abin da bai dace ba, kada wani ya ci gaba da kallo alhaki yana bin mamaci har kabari. Wannan ba baƙon aiki ba ne a wurina, na sha yi wa mutane. Rufin asiri ne, kuma ina ganin kyansa har gobe.

Ya ba ni lambar buɗe wayar a 'yar takarda. Sai ya ce, "Malam, ba dai wani abin amfani da zai salwanta ko? Ni ban san kan waɗannan abubuwa ba."

Na ce, "Yaya, kwantar da hankalinka. Ni na haɗa masa ita. Duk abin da ke ciki akwai kwafinsa a intanet, duk ranar da kuke so sai in sauko muku da shi."

Da na duba, ko minti ɗaya ba zan yi ba. Wuri ɗaya zan taɓa in ga ajiyar a kunne take ko a kashe. In ma ban duba ba, ga memori cike da durowa, sai in kwafe komai in ajiye. Na sha gaya wa kaina kunyar leƙa sirrin mamaci ce ta hana ni. Akwai wannan, ba zan musa ba. Amma babban dalili shi ne na riga na tabbata. Na goge wayar, na yi wa laftof ɗin fomatin, na ɗora sabuwar manhaja, har ina nuna wa dattijon yadda take gudu yanzu. Ya yi ta sa min albarka.

Mako biyu bayan nan ya dawo, ya ce Inna ce ta aiko shi. Mahaifiyarsu idonta ya tafi shekaru da dama. Ashe duk ƙarshen mako in marigayi ya je gida, zama yake yi a ƙofar ɗakinta ya kunna rikoda a wayar, yana tambayarta labarin da, su waye kakanninsu, daga ina suka taso, yadda aka haƙa rijiyar gidan. Tana faɗa, yana tsokanarta, suna dariya. Wani zuwan sai ya kunna mata na baya su saurara tare. Shekara uku suna haka, ko sau ɗaya bai taɓa faɗa mana ba. Yanzu ta ce hoto ba ya mata amfani, a kawo mata hirar nan ta ji muryar ɗanta.

Na ce ai wannan mai sauƙi ne. Na shiga imel ɗin yana tsaye a kaina. Abu ɗaya na tarar a ciki, hoton silin shagona, da fankar nan mai karyayyen fiffike. Tun ranar da ya fita daga shagon da wayar ya kashe ajiyar. Ashe shi da gaske yake.

Na karɓo wayar daga wanda ta faɗa wa a gado, na karɓo laftof ɗin, na rufe shago kwana biyu. Babu manhajar dawo da gogaggen abu da ban gwada ba. Na kai su Kano wurin waɗanda suka fi ni, wani ya juya wayar ya ce, "Wa ya yi wannan aikin? Ai ya iya gogewa." Ban ce masa ni ne ba. Na biya kuɗin mota na dawo.

Sai na koma kan 'yan majalisa, na ce kowa ya bincika wayarsa, ko akwai saƙon murya daga ɗan Kwandiko. Nan muka gano abin da ba mu taɓa lura da shi ba. Mutumin nan bai taɓa tura wa kowa saƙon murya ba, ko a guruf ko a keɓe. Rubutawa yake yi, har da waƙafi da aya. Abokan aikinsa ma haka suka ce. Mutum ya yi shekaru yana koyarwa gaban ɗaruruwan ɗalibai, a ce babu inda muryarsa ta rage! Wani a bencin ya ce ai yanzu akwai manhajar da ke kwaikwayon muryar mutum ta faɗi duk abin da kake so. Na daka masa tsawar da sai da ya miƙe tsaye. Tsohuwa makauniya za mu je mu yaudara? Daga baya na ba shi haƙuri, don ba shi ya yi min laifi ba.

Kwanakin nan ban ji daɗin su ba ko kaɗan. Majalisa ta ci gaba da zama, amma ba mai zama a ƙarshen bencin inda yake jingina da bishiya. In musu ya taso na buɗe baki, sai in ji kamar akwai wanda ke shirin magana a bayana, in yi shiru in jira. Sau biyu ina cikin buga takarda na ji gyaran muryarsa a ƙofa, na ɗago, ba kowa sai mai tallan gyaɗa. Tsoro nake ji, ba na aljani ba, na in wayi gari ni ma na manta yadda yake magana. Ina gwada tuno ta, sai in ji tawa.

Mai sayar da caja da ke gefena ne ya zo wata rana yana haki. Ya samo wani bidiyo a tsohon memorinsa. Ya ɗauke mu ne muna musu don ya gwada kyamarar wata waya, bai kai minti ɗaya ba. Marigayi yana ciki.

Ranar Asabar na sa sautin bidiyon a memori, na sayi 'yar rediyo mai cin memori, na hau babur. Daga Gwaram zuwa Kwandiko hanyar ta jiƙe, gero ya fi ni tsawo hagu da dama, sau biyu ina sauka in tura. Yayan ya shigar da ni har ƙofar ɗakinta. Tana zaune a tabarma, 'yar ƙaramar tsohuwa, carbi a hannu. Na durƙusa na gaishe ta, na yi mata ya ƙarin haƙuri. Sannan na faɗa mata komai, ban ɓoye ba, cewa hirarsu tana cikin wayar kuma ni na goge ta da hannuna, don ban duba ba.

Sai ta ce, "Haka Allah ya so, ɗan nan. Ba ka yi da gangan ba." Da zagina ta yi, da na fi samun sauƙi.

Na ce na zo da wani ɗan guntu, na kunna. Hayaniyar titi ta fara fitowa, da hon ɗin mota. Sai wata murya mai ƙarfi tana rantsuwa cewa barin waya a caji bayan ta cika ba ya kashe batir. Can ƙasa-ƙasa aka ji shi.

"Ku tsaya ku ji. Ni abin da na lura da shi..."

Tsohuwar ta zabura, carbin ya faɗi. Ta miƙo hannu tana lalube har ta dafa rediyon. Amma babbar muryar ta riga ta hau kansa: "Kai dalla rufe mana baki, me ka sani!" Aka kwashe da dariya. Ya sake cewa "A'a, ai..." aka sake danne shi. A ƙarshe, in ka kasa kunne sosai, akwai 'yar dariyarsa a ƙarƙashin surutun. Shi ke nan, ya ƙare.

Ta ce a sake. Na sake. Sau huɗu muna ji, hannunta na kan rediyon, hawaye na bin kuncinta ba ta share ba. Yayan ya tashi ya fita. Bayan na huɗun ta juyo da fuskarta daidai inda nake, kamar tana ganina.

"Wannan mai ƙarfin muryar, kai ne ko?"

Na ce, "Ni ne, Inna."

Ta gyaɗa kai. Babu faɗa a muryarta, tambaya ce kawai ta uwa da ke son sanin zancen ɗanta.

"To, me ya lura da shi? Me yake so ya ce?"

Na duba ƙasa. Na yi iya ƙoƙarina in tuna ranar, in ƙirƙiro ko da abin da ya yi kama da irin maganarsa, ban samu komai ba.

Na ce, "Ban sani ba, Inna. Ban bari ya faɗa ba."

Ta jawo rediyon ta ɗora a cinyarta, ta ce in nuna wa yatsanta inda ake dannawa.