Akawun da ya sa wa dokin ubansa takalmi

Shekara goma sha biyar ke nan da muka kai Baba Mumuni makwancinsa, Allah ya jiƙansa, kuma har yau in na ji haniniyar doki sai na waiwaya kamar zan gan shi da bokiti a hannu. Yaran Tamale na yanzu ba su san shi ba. Ba su ma san an taɓa yin wata ƴar mujalla mai suna Turke a garin nan ba, wadda daga bangon farko zuwa na ƙarshe babu komai a cikinta sai zancen dawaki. Ni na yi aiki a cikinta, kuma da ƙarya na shiga.

A shekarun da ƙasar nan ta samu ƴancin kai, Turawan da ke haɗa kaya sun yi ta sayar da dawakinsu da araha. Tela ya saya, mai shago ya saya, direban lori ma ya saya ya ɗaure a ƙofar gida don a san shi ma ya isa. Kafin damina ta zagayo dawakin suka fara mutuwa, wani kumburin ciki, wani ruɓewar kofato. Baba Mumuni ya girma a bargar Turawa, tun yana kwasar kashi har ya zama shi ke duba marar lafiya, kuma abin ya hana shi sukuni. Ya ce tunda ba zai iya bin gida-gida ba, takarda ta je a madadinsa. Shi kansa ko baƙi ɗaya na boko bai sani ba.

Ya nemo Seidu, Bazabarme mai fataucin dawaki, wanda ke buɗe bakin doki ya faɗa maka shekarunsa, ya kuma faɗa maka irin ƙaryar da dillali ya shara maka. Ya nemo Mma Azara ta unguwar Kukuo, mai sayar da harawa, wadda ta gaji maganin dabbobi wajen mahaifinta. Saura mai buga tafireta, shi ne ni, ɗan makaranta da gajeren wando, wanda aka ƙi ɗauka a ofisoshi uku. Baba ya tambaye ni ko na san doki. Na ce ai a gidanmu na unguwar Kaladan da doki na buɗe ido. Wallahi ko jaki ba mu taɓa ɗaurewa ba, kuma in na hango doki a hanya tsallakewa nake yi.

Baba yana da doka guda. Duk abin da za a buga, sai wanda ya kawo shi ya gwada da hannunsa a jikin goɗiyar Baba, a gaban kowa. Watanni ina tsira, don ni bugawa kawai nake yi, su ke gwadawa. Ina zaune nesa da turke, in goɗiyar ta kaɗa jela sai in ƙara ja da baya.

Ran nan Baba ya ce tunda na tashi da doki, in rubuta yadda ake kula da kofato. Na ruga na samo wani tsohon littafin Turanci na juye shi kaf. Da safe na tsaya ina karanta musu da murya irin ta mai ilimi, har na iso inda ake cire takalmin ƙarfe a sake bugawa. Seidu ya ajiye goron da ke hannunsa.

"Akawu, dokin babanka na Kaladan takalmi yake sawa? Da safa ko babu safa?"

Mma Azara ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Dawakin mutanen gari ba a buga musu ƙarfe, duk wanda ya taɓa kwana gida ɗaya da doki ya san haka. Baba bai yi dariya ba. Ya kwance goɗiyar ya ce in ɗaga ƙafarta ta gaba. Na matsa taku biyu, na tsaya cak. Na san aikin ya tafi, kuma kafin la'asar labarin zai kai kasuwa, daga can ya kai kunnen mahaifiyata da ke ta gaya wa maƙwabta ɗanta ɗan jarida ne. Na ce, "Baba, ƙarya na yi. Tsoronsu nake ji."

Sai Baba ya juya ga su Seidu ya ce su ukun, har da shi kansa, duk ba su san yadda ake jin tsoron doki ba, don tun ba su da wayo suke ƙarƙashin cikinsa, shi ya sa telan nan da direban nan ba sa gane abin da suke faɗa. Ga irin mutumin da suke rubutun dominsa yana zaune da su watanni ba su sani ba. Ya kama hannuna ya ɗora a kafaɗar goɗiyar, ya gangara da shi a hankali har dunduniya, yana mata magana da Dagbanci, harshen mutanen garin. Ta ɗaga ƙafar da kanta. Ni kuwa gumi har cikin takalmina.

Daga wannan watan aka ba ni shafi guda. Nakan rubuta abin da na koya da irin wautar da na tafka wajen koyonsa, har da ranar da goɗiyar ta take mini yatsa na yi mako ina ɗingishi. Seidu bai daina kirana mai takalmi ba har ya koma ƙasarsu. Amma mutanen da a da kunya ke hana su tambaya suka fara zuwa, su tsaya bakin ƙofa su ce suna neman akawun nan matsoraci, su ma ga halin da suke ciki.

Mujallar ba ta yi tsawon rai ba, takarda ta yi wuya, dawaki suka ragu. Nakan tambayi kaina me Baba zai ce da ya ga Tamale ta yau, babura kamar tururuwa, tsohuwa da jikarta a kan guda suna ratsa unguwar Kasalgu. Ina jin zai yi tsaki, sannan ya tare wani yaro ya tambaye shi me wannan dabbar ke ci. Abin da zai faranta masa rai shi ne samarin da suka koma kiwon doki a gefen gari, suna ɗaukar hoton kofato da waya suna aika wa juna tambaya ba tare da jin kunya ba.

Ba ni da kwafi ko ɗaya na Turke, gara ta cinye na ƙarshe. Abin da Baba ya bar mini shi ne na ce ban sani ba a gaban mutane, kuma ba a kore ni ba. Na yi shekaru ina koyarwa bayan haka, ban taɓa dukan yaro don ya ce bai gane ba. Ɗan Baba yana da doki ɗaya a Kukuo, kuma duk Juma'a bayan masallaci nakan je in duba masa kofato. Hannuna na rawa, yaran gidan suna cewa tsufa ne. Ban taɓa gyara musu ba, amma Baba ya san ba tsufa ba ne.