Inna Sitaci da Littafi Mai Koren Bango

Ajinmu na manya yana zama ne a wata makarantar firamare, bayan yara sun tashi. Ni ce malamar. Ɗalibaina sukan shigo da yamma, kowa da warin sana'arsa a jiki, su ƙudundune a kan bencinan da aka yi domin ƙananan yara. Direba, wanda ciwon baya ya raba da babbar mota, a kaikaice yake zama, ƙafafunsa sun tare hanya. Mai Walda yakan zo da idanu jajur. Mai Kitso ba ta taɓa zuwa a kan lokaci ba. Ita kuwa Inna Sitaci, ƙamshin sabulu ne yake riga ta shigowa.

A wani shagon wanki da guga take aiki, a bayan tashar mota. Shago ne mai tsawo, marar taga, injinan wanki suna gurnani a ciki, teburinta yana can ƙurya kusa da ƙofar baya don ta sami iska. Abokan aikinta ne suka raɗa mata sunan, saboda rigar da ta bi ta hannunta takan tsaya ƙyam ko ba a rataye ta ba. Doguwa ce, ba ta da jiki, akwai tabon ƙuna a damtsenta na dama.

Ita ce babba a gidansu. Mahaifiyarsu ba ta da lafiya, don haka iyakarta da makaranta bakin ƙofa, inda take raka ƙannenta ta juya. Ta auri ma'aikacin wata masaƙa, mutum mai shiru, wanda ya zama idonta a kan duk abin da yake a rubuce. Suka haifi 'ya ɗaya, wadda yanzu nas ce. Bayan rasuwarsa ne ta shiga aikin shagon. Ranar da ta fara zuwa aji na tambaye ta abin da ya kawo ta.

“Malama, na gaji da cewa na manto tabarau,” in ji ta. “Ni da ko tabarau ɗin ban taɓa mallaka ba.”

Ba ta da saurin ɗauka. Takan riƙe fensir kamar za ta danne kwala, har bakinsa ya karye. Amma ba ta fashi. A shekararta ta biyu ta fara haɗa jimla ba tare da ta bi ta da yatsa ba.

A wannan shekarar ce aka ba mu akwatin littattafai, ƙananan labarai masu manyan haruffa. Na ce kowa ya zaɓi ɗaya ya tafi da shi gida, duk wanda ya gama ya zo ya gaya mana yadda ya ji. Na ce ba jarrabawa ba ce, amma ba wanda ya yarda.

Mai Kitso ce ta fara gamawa, sai dai daga baya ta amsa cewa shafin ƙarshe ta fara leƙawa.

“Yarinyar da ke cikin labarin tana asibiti, kuma kuna so in yi haƙuri har sati uku? Sai da na tabbatar ta tashi sannan na koma farko.”

Direba ya karanta labarin wasu matafiya. Ya ce ya ji daɗinsa, amma yunwa ta dame shi, domin tun daga fari har ƙarshe ba wanda ya tsaya ya ci abinci. Mai Walda ya ɗauki na dabbobi, ya dawo yana cewa jakin da ke ciki sak maigidansa ne, har da yadda yake kallon mutum ta gefen ido. Ya kuma gaya mana, yana sosa ƙeya, cewa wannan ne abu na farko da ya taɓa karantawa wanda ba umarni ba ne ko gargaɗi.

Inna Sitaci ta ɗauki wani mai koren bango, don kawai launin ya yi mata. Labarin wani magidanci ne da aka sallama daga aiki, ya kasa gaya wa iyalinsa. Kullum da safe sai ya shirya ya fita, ya yini a zaune a wani lambu, ya dawo da yamma yana ƙorafin gajiya.

Ta daɗe da littafin. Wasu sun gama biyu, ita tana nan. Na taɓa biyawa ta shagonsu na tarar da shi a naɗe cikin leda a kan kanta, nesa da tururi. Ta ce lokacin hutun rana take karanta shafi ɗaya, wani lokaci rabi. Idan na tambaye ta a aji sai ta ce, “Muna nan tare da shi, Malama, har yanzu yana lambun.”

Sai wata rana ta shigo ta ajiye shi a kan teburina, ta koma wurinta ta zauna.

“Kin gama, Inna?”

“Na gama.”

“To, ba mu labari.”

Ta ba da labarin tiryan-tiryan, ba ta tsallake komai ba, har zuwa inda matar ta gano gaskiya, ta tare mijin a ƙofar ɗaki ta ce masa ta san ba shi da aiki. Suka yi faɗa, ya fita, ya dawo, suka zauna suka yi shawara.

Nan take aji ya rabu biyu. Direba ya ce matar ba ta kyauta ba, namiji a irin wannan hali rufin asiri yake nema. Mai Kitso ta ce wane rufin asiri, mutum yana yi maka ƙarya kullum kana dafa masa shayi.

“Ke da kika karanta fa, Yaya?” Direba ya tambayi Inna Sitaci, don haka yake kiranta.

Ta shafa gefen bencin da tafin hannu, kamar mai miƙar da ƙyalle.

“Ni ban san wanda ya yi daidai ba. Baban yarinyata ya yi irin wannan. Da aka rage ma'aikata a masaƙa, har da shi. Bai faɗa mini ba. Matar wani abokin aikinsa ce ta yi mini jaje a kasuwa, ta zaci na sani. Na dawo gida na wanke kakinsa, na goge, na rataye masa a ƙusa kamar kullum. Da safe ya saka ya fita. Haka muka yi ta yi, wata da watanni, har ya sami aikin gadi a wani sito. Sai ya ce mini an canza masa wurin aiki. Na ce Allah ya sa alheri. Har ya rasu ba mu taɓa maganar ba.”

Muna jin mai shara yana jan benci a ajin da ke kusa.

“Shekara da shekaru ina ganin na kyauta masa,” ta ci gaba. “Sai ga wannan matar ta yi abin da ban yi ba, kuma rufin ɗakinsu bai faɗo ba. Da na zo wurin haushinta na ji. Na rufe littafin na kwana biyu ban taɓa shi ba. Da na koma kuma sai na ga mutumin yana barci sosai, karo na farko. Nawa mijin ba ya barci a lokacin, Malama. Ina jinsa yana juyi, ni ma na yi kamar ina barci.”

Direba ya gyara zama, ya ce a hankali, “Kowa da irin gidansa, Yaya.”

“Haka ne. Amma mai littafin nan ya tayar mini da abin da na ninke na ajiye.”

Na tambaye ta ko ta yi da-na-sanin ɗaukarsa. Ta ce a'a, sai dai tana so in bar mata shi zuwa wani satin, za ta ba 'yarta.

'Yar ta karanta shi a zama ɗaya, abin da ya ɓata wa Inna rai ƙwarai, ita da ta yi watanni a kansa. Daga baya ta ba mu labarin yadda suka yi. Suna zaune a tsakar gida tana tsefe wa jikarta kai, sai ta daure ta ce wa 'yar, “Kin san babanki ya taɓa yin haka?”

'Yar ta ce, “Na sani, Inna. Ina aji huɗu. Hanyar makarantarmu ta bayan gidan mai take bi, kullum ina hango shi zaune a ƙarƙashin bishiya da kakinsa. Sai in zagaya ta wani layin don kada ya gan ni. Na ɗauka ke ce ba ki sani ba.”

Inna ta ce ta rasa abin da za ta yi, sai dariya ta kama ta, 'yar ma ta kama, har jikar ta juyo tana tambayar abin da ya faru. Mutum uku a ɗaki biyu, kowa yana lallaɓa ɗan'uwansa. Bayan dariyar sun ɗan yi kuka, sannan suka yini suna hirarsa, yadda yake busa shayi kafin ya sha ko da ya huce, da yadda ba ya iya wuce ƙusa a hanya sai ya tsince ta.

Littafin ya zaga ajin bayan haka. Direba ya karanta, ya dawo bai canza ra'ayi ba. Mai Kitso ta rantse wannan karon ba ta leƙa ƙarshe ba, muka tuna mata cewa ai an riga an gaya mata shi.

Inna Sitaci ta ce ita ta huta da labarin gidajen mutane. Ta ɗauki wani a kan teku da halittun cikinsa, ita da ba ta taɓa ganin ruwan da ya wuce kogi ba. Har yanzu tana shagon, ko da yake 'yarta tana ta fama da ita ta ajiye aikin. A satin da ya wuce ta tare ni a bakin aji, littafin a buɗe a hannunta, ta nuna mini hoton wata dabba mai hannaye takwas.

“Malama, wannan da gaske akwai ta, ko mai littafin ne ya ga dama?”

Na ce akwai ta. Ta ƙura wa hoton ido, ta girgiza kai, ta wuce ciki ta ce wa Direba ya janye ƙafafunsa.