Tsumman da Na Ɗinka Mata

Aikina goge-goge ne a wani ofis a unguwar Dokki. Tun da muka baro Sudan ni da 'yata muka zo wannan birni muka kama ɗaki a unguwar Hayyin Ashir, shi nake yi, har gwiwoyina sun yi baƙi sun yi kanta. Ni a firamare na tsaya. Shi ya sa da malamar 'yata ta ce akwai makarantar kwana ta Japanawa a bayan gari, wadda suka buɗe wa 'ya'yan mutanensu masu aiki a ƙasashen Larabawa, kuma suna ɗaukar yaran waje kaɗan kyauta idan sun ci jarrabawa, na ce ta gwada. Ta ci. Ranar da na kai ta abu ɗaya na roƙi Allah: kada yarinyar nan ta taɓa durƙusawa ta goge daɓen wani.

Ni mutum ce mai saka abu a rai. Idan na zuba abinci sai in tuna ban san me take ci ba. Idan an kira salla sai in ce ko an bar ta ta yi. Duk Juma'a takan kira ni, ta ce lissafi da kimiyya ba sa ba ta wahala, rubutun Japananci ne matsalarta. Kowane mako ana yi musu gwaji, kuma ita ce ta ƙarshe a ajin. Sai in ga laifina ne, na jefa marainiya cikin mutanen da ko gaisuwarsu ban iya ba.

Ranar ziyara na yi sammako don tsoron rasa mota, na isa kafin lokaci. A bakin ƙofa na cire takalmina aka ba ni silifas. Wani kiɗa mai sanyi yana tashi, ɗalibai sun fito da bokitai. A baranda na hango 'yata. Ta naɗe hannun riga, ta kifa tafukanta a kan tsumma tana tura shi daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Na ga yaran Japanawa suna yin haka a gefenta. Na ga wani malami mai furfura da tsintsiya. Na ga tana dariya ma. Amma idona a kan gwiwoyinta ya tsaya.

Ban ce mata komai ba. Bayan mun rabu na nemi mai kula da ɗakin kwanan 'yan mata, wata Bajapaniya mai jin Larabci a hankali. Na ce, "Ma'alish, ki yi haƙuri, ustaza, ina roƙon a cire 'yata daga shara. Tana baya a karatu, gara ta yi bita a lokacin."

Ta ce, "Ba ta da lafiya ne?"

Na ce lafiyarta ƙalau.

"Addininku ne ya hana?"

Na ce a'a, domin ba zan yi wa addini ƙarya ba. Ta ɗan rusuna ta ce maganar uwa ba a wuce ta. Na koma gida ina jin na yi wani abin kirki.

Daga nan kiran Juma'a ya fara gajarta. Da aka ba su hutun tsakiyar zango sai ga ta da kayanta gaba ɗaya, har da bargo.

"Umma, ba zan koma ba."

Sunan mahaifiyata aka sa mata, don haka Uwata nake ce mata. Na ce, "Uwata, wa ya taɓa ki?"

"Ba wanda ya taɓa ni. Shi ne ai."

Ta zauna a bakin katifa ta yi mini bayani. A makarantar babu mai shara. An raba ɗalibai rukuni rukuni, kowane da wurin da yake gogewa bayan abincin rana, kuma tare suke cin abinci. A wurin gugar nan 'yan rukuninta suke jefo mata kalmomin gwaji, ta faɗa ba daidai ba su yi dariya su gyara mata, ita kuma ta koya musu kalmomin Larabci irin su yalla da khalas. Duk abin da ya zauna mata na harshen, a barandar nan ya zauna. Yanzu idan kiɗan ya tashi sai ta tafi ɗakin karatu ita kaɗai. Idan ta zo wucewa sukan janye bokiti su rusuna mata, yadda suke yi wa baƙo. Makinta ya ƙara yin ƙasa.

Ta ce, "Umma, ni na ce miki na gaji?"

"Gwiwoyinki na gani a ƙasa."

"Naki kika gani."

A hankali ta faɗa, ba da rashin kunya ba. Na tashi na shiga kicin ina wanke tukunyar da na riga na wanke.

Washegari na roƙi izini a wurin aiki na koma makarantar. Duk hanya ina shirya magana, da na zauna gaban matar sai kawai na ce na yi kuskure, a mayar da 'yata aikin shara. Ta ce wurin yarinyar yana nan. Sannan ta ɗauko wani tsumma ta nuna mini. A al'adarsu, in ji ta, iyaye ne ke ɗinka shi da tsohon tawul, ɗalibi ya zo da shi farkon zango. Na tambaye ta da wanne 'yata take aiki a da. Ta ce uwar abokiyar ɗakinta ce ta aiko da guda biyu.

Wannan ya fi komai yi mini ciwo. Yarinyar ta san ana kawowa, ba ta tambaye ni ba, saboda ta san yadda nake ji da tsumma. Wata mata da ban taɓa gani ba ta ɗinka wa 'yata abin da ni ya kamata in ɗinka.

Matar ta nuna mini yadda ake yi: a ninka tawul, a bi gefuna da zare, a ratsa daga kusurwa zuwa kusurwa. Da na dawo na yanka tsohon tawul ɗinmu na zauna da allura. Na ɗinka na warware, na sake ɗinkawa, ina tsoron ya tsinke a gaban mutane. Da na gama na ɗora shi a kan jakar 'yata.

Ta ɗauka ta juya shi, ta ja gefen ta gwada ƙarfinsa. Ta ce, "Umma, ɗinkin nan ya yi yawa. Sai ka ce buhun gawayi."

Na ce, "Kawo in rage."

Ba ta ba ni ba. Ta buɗe jakar ta sa shi a kan littattafanta. Da hutun ya ƙare na raka ta tasha, ni ce na riƙe bargon.

Ta faɗi jarrabawar Japananci ta wannan zangon, sai da ta maimaita. Ita ta ce ba komai. Ni har yau ina ganin makonnin da ta yi a ɗakin karatu ne suka ja, kuma idan ta kira ranar Juma'a, kafin in tambayi karatu sai na tambaya ko zaren yana nan bai saki ba.